Ɗan Dutsen Niƙan Mama

Mahaifiyata ba ta yarda da bilenda ba. Mun saya mata har biyu. Ta farko ta ba matar fasto, ta biyu kuma tana nan a kan kabad cikin kwalinta, an yafa mata ƙyalle an ɗora hoton marigayi babanmu a kai. A cewarta duk yajin da ƙarfe ya taɓa ya mutu. Tana da dutsen niƙa a bayan kicin a gidana na Kafanchan. Uwar dutsen ba ta da laifi, amma ɗan dutsen, wato na saman da ake riƙewa a hannu, shi ne ba su taɓa shiri ba. Mun canza mata ya fi sau biyar. Kowanne sai ta jujjuya shi ta ajiye, ta ce ba kamar nata na kan dutse ba.

Tun ina yaro nake jin labarin nata na kan dutsen nan. Mutanenmu a da a saman Dutsen Kagoro suke. Can aka haife ta, can ta yi aure, can ta haife ni. Uwarta ce ta ba ta ɗan dutsen tun tana budurwa. Ranar da suka sauko ƙasa da zama sai ta cusa shi a wani tsagi bayan rumbu, da niyyar za ta koma ta ɗauko. Haihuwa da noma suka hana ta, daga baya gwiwa ta karɓa, ga shi yanzu ido ma ya soma tafiya. An doshi shekara hamsin ke nan.

Wata ranar Laraba muna cin tuwon acca sai ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, da dai za ta ƙara riƙe ɗan dutsen nan sau ɗaya kafin ta tafi gida. Duk wanda ya tashi a coci ya san gidan da take nufi. Na mayar da lomar da ke hannuna cikin kwano.

To, a nan dole in tona wa kaina asiri. Shekara da shekaru ina gaya wa 'ya'yana cewa ni ɗan kan dutse ne, kullum da asuba nakan sauko makaranta a guje, in koma da yamma da damin itace a ka. Duk ranar da wani ya ce ya gaji da zuwa shago, wannan labarin nake zaro masa. Gaskiyar magana ina da shekara uku muka sauko, kuma tun daga ranar ban sake taka dutsen nan ba sai da ido, ta tagar mota. Manyan sun daɗe da gano ni. Saura autata, 'yar shekara tara, wadda har lokacin take ɗaukar maganata da muhimmanci. Ita ce ta ajiye cokali ta ce ai abu mai sauƙi ne, Dadi ya san hanya, mu je ranar Asabar mu ɗauko wa Kaka. Matata ta sunkuyar da kai cikin kwano, kafaɗunta suna rawa. Na ce to, ai ba komai, mu je.

Ni da Auta muna shiri a kan komai sai abu ɗaya. Bahaguwa ce. Rubutu na haƙura, amma ta miƙa wa babba kofi da hagu, ko ta jefa baiko a coci da hagu, wannan kam ina tsawatawa, don haka aka rene mu. Duk lokacin da na soma faɗan nan sai Mama ta tashi ta koma bayan kicin, Auta ta bi ta. Can suke zama su biyu. Mama ba ta son a tsaya mata a ka in tana niƙa, Auta kaɗai take bari.

Ranar Juma'a na shiga kasuwa wajen masu gwanjo na sayo jakar goyo irin ta Turawa, mai igiyoyi ta ko'ina, da tanti a naɗe. Na zuba burodi biyu, sadin gwangwani shida, ƙaramin risho, tocila biyu, maganin sauro, rigar sanyi, ruwan leda, da babban Littafi Mai Tsarki mai bangon fata, don kada mutanen sama su ɗauka mun zama arna a birni. Da na saɓa ta sai da na yi taku biyu da baya ba da niyya ba. Auta kuwa jakar makarantarta ta ɗauka. Kaka ta sa mata dafaffiyar gwaza da gyaɗa, da ƙullin gishiri da sabulu na gaisuwa, ta ce ba a hawa wurin tsofaffi hannu sake.

Ƙarshen damina ne, ciyawa ta kai ƙirji. Mai keke ya sauke mu a Kagoro da safe, ya dubi jakata ya dubi tumbina, ya tambaye ni ko ƙaura zan yi. Ban kula shi ba. Rabin awa na farko na yi tafiya irin ta wanda ya san abin da yake yi, har ina nuna wa Auta yadda ake dasa ƙafa. Daga nan hanyar ta miƙe tsaye, numfashina ya soma fita da ƙara. Allah ya taimake ni, malamin labarin ƙasa ne ni a sakandare, don haka duk inda ƙirjina ya ce a tsaya sai in tsaya in nuna wani dutse in soma bayanin yadda ya samu. Auta tana saurare da ladabi. A darasi na shida ta ce, «Dadi, wannan irin na ɗazu ne. Ka huta kawai, ba zan gaya wa Momi ba.»

Muna zaune wata mata ta iso daga ƙasa. Ta girme ni nesa ba kusa ba, da buhun taki a ka, da silifa a ƙafa, tana ɓare rake da haƙori. Ta gaishe mu da yarenmu, na amsa da guntun abin da ya rage mini. Ta dubi jakata ta koma Hausa ta ce, «Sannu Oga. Wannan yarinya ya fi ka ƙafa fa.» Ta wuce. Kafin in ɗaura igiyoyina ta zama ɗan ɗigo can sama.

Wajen tsakar rana muka iso inda hanya ta rabu biyu. Na tsaya na ɗaure fuska kamar mai tuna yarinta, na zaɓi ta dama don ta fi faɗi. Auta ba ta motsa ba. Ta ce Kaka ta ce sai an ga dutsen da ya yi kama da tukunya a kife, a bar shi a dama, a bi ƙarar ruwa har gindin ɓaure. Na ce mata hanyoyi sun canza tun zamanin Kaka. Muka bi tawa. Minti ashirin sai ga mu a tsakiyar gonar cittar wani, hanya ta ƙare a jikin bukka. Muka juyo. Ta shige gaba tana jan hanya, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ta ɗaya hanyar kuwa, ga tukunya a kife, ga ƙarar ruwa, ga ɓaure ya baje inuwa kamar jiya aka ba da kwatancen. Ashe duk zaman bayan kicin ɗin nan hawan dutse suke yi da baki. Muka sha ruwan da ke fitowa daga tsagin dutse, mai sanyi har haƙori, na dubi ruwan ledar da na sha wuyar ɗaukowa na ji kamar in yi kuka.

Da la'asar muka isa ƙauyen sama. Gidaje kaɗan ne, da ƙaramin coci mai rufin kwano, da amya a rataye a bishiyoyi. Aka kai mu wurin dattijon ikkilisiya, wani tsoho dogo mai sanda. Auta ta durƙusa ta miƙa gishiri da sabulu, ina kallon hannunta, ta tuna ta sa dama. Ban gama faɗin sunan babana ba ya ce ya riga ya gani a kunnuwana. Sai ya ƙura mini ido, ya fashe da dariya har yana buga sanda a ƙasa.

«Kai ne mai kukan nan,» in ji shi. «Ranar da kun sauka, tun daga nan har ƙasa muna jin muryanka. Ɗan mitsitsi haka. Ba ka sake zuwa ba sai yau?»

Na ji Auta ta juyo tana kallona. Na ce, to, Baba, an ɗan kwana biyu. Ya ce kwana biyu ina, ai ko wando ba ni da shi a lokacin. Auta ta tambaye shi da natsuwa ko ya taɓa ganina da damin itace. Tsohon ya sake dariya har sai da tari ya kama shi. Ni dai na duƙufa kwance tanti, nan ma na tarar babu sanda ɗaya a ciki, shi ya sa mai gwanjon ya yi ta yi mini fara'a. A ɗakin baƙin dattijon muka kwana, bayan an cika mu da pate da zuma.

Da gari ya waye ranar Lahadi, kafin a buga ƙararrawar sujada, ya nuna mana hanyar kufan gidanmu, can dab da ƙololuwa. Muka fara hawa ƙololuwar don kada a ce mun zo mun koma ba mu taka ta ba. Ƙarshen hawan da hannu da gwiwa muka yi shi. Da muka miƙe tsaye iska ta bugi rigunanmu, gajimare yana wucewa ƙasa da mu. Can ga Kafanchan, rufin kwano yana ƙyalli, ga layin dogo siriri kamar zare. Auta ta yi ta neman gidanmu, ta ce ta gan shi, har ta ɗaga wa Kaka hannu. Ni kuwa abin da ya zo mini shi ne, daga nan uwata ta sauka da ƙafarta da dukan abin da ta mallaka. Ban taɓa auna nisan ba sai ranar.

Kufan bai wuce da'irar duwatsu cikin ciyawa ba. Muka gane gindin rumbu da duwatsun da aka girka shi a kai, bayansa kuma ga tsagin, daidai yadda aka faɗa. Na sa sanda na bubbuga saboda maciji, na zura hannu. Sai matsala ta fito. Ba Mama kaɗai ta yi wannan dabarar ba. Da alama duk matan gidan nan suka ɓoye nasu, kowace da niyyar dawowa. 'Ya'yan dutse bakwai na zaro na jera a kan fa.

Ban ɓata lokaci ba. Akwai wani babba a cikinsu, sumul, zagayayye kamar ƙaramar kabewa, har yana sheƙi. Dutsen da mace za ta yi shekara hamsin tana begensa ai dole ya zama wanda ya fi kyau. Na ɗauke shi da hannu biyu na sa a jaka. Auta kuwa ta tsuguna tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, tana gogawa a kan fa kamar mai niƙa. Ta tsaya a kan wani mummuna, karkatacce, gefe ɗaya ya cinye, ga wani lotsi a samansa. Ta ce wannan ne. Na ce wannan ko jifar kare ba za a yi da shi ba. Ta ce ita dai wannan ne. Na ce to, duk wanda ya zaɓi dutse shi zai ɗauki abinsa har ƙasa. Ta buɗe jakar makaranta ta sa shi a kan sauran gwaza.

Muka yi sujada da mutanen sama, aka sa ni karatu saboda girman Littafina, wannan ne kaɗai amfanin da kayana suka yi. Kafin mu kama hanya na yi kyautar tanti da risho da sadin ga dattijon, na ce tsaraba ce. Ya karɓa ya yi godiya, amma na ga ya gane.

Ba wanda ya gaya mini sauka ta fi hawa cin gwiwa. Duk da haka muna tafiya lafiya har muka wuce ɓaure. Nan Auta ta taka wani fa mai gansakuka, ƙafarta ta gurɗe, ta zauna daɓas. Ba karaya ba ce, na duba, amma idon sawun ya soma kumbura, ta taka sau biyu ta kasa. Ba kowa a hanya, ranar Lahadi ce. Na juyo da jakata gaba, na goya Auta da tata jakar a baya, na miƙe da ƙyar.

Ban yi nisa ba na san ba za mu kai a haka ba. Kabewar dutsen nan tana dukan cikina a kowane taku, tana jan ni gaba, hanya kuma gangare ce mai santsi. Sau ɗaya na zame, na dafe da hannu, na hango inda da za mu faɗa. A gindin tukunya a kife na sauke ta na ce dole a rage kaya, ta fito da dutsenta mu ajiye. Ta rungume jakar a ƙirji. Na lallashe ta, na yi mata alkawarin tsire, na ɗaure fuska, duk a banza.

«Dadi, Kaka ba za ta so naka ba.»

«Ke kika san dutsen ko ni?»

«Ni,» ta ce, hawaye yana zubo mata. «Amma Kaka ta ce kar in faɗa wa kowa.»

Raina ya ɓaci sosai. Na zo in cika wa uwata buri ɗaya da ta roƙa, ga shi taurin kan yarinya zai sa in koma da tarkace. Amma ba zan fizge abu daga hannun yarinya mai ciwo ba, kuma ba zan iya sauka da duka biyun da ita a bayana ba. Na zaro kyakkyawan dutsena, na samu wani tsagi a gindin tukunyar na cusa shi, na toshe da ciyawa. Na ce mako mai zuwa zan dawo in ɗauka. Na sake goya ta. Har muka iso ƙasa numfashinta nake ji a wuyana, da mummunan dutsen nan yana ƙwanƙwasar ƙirjinta da bayana.

Rana ta yi sanyi muka shiga gida. Mama tana kan tabarma a tsakar gida, matata tana tsince shinkafa. Na soma jera bayani tun daga ƙofa, cewa mun samu dutsen, yana nan lafiya, na adana shi a wuri mai kyau, matsala ce aka samu. Ban kai ƙarshe ba Auta ta sauka daga bayana, ta ɗingisa zuwa tabarma, ta zaro nata ta miƙa wa Kaka. Da hagu. Na buɗe baki ke nan zan yi magana sai na ga Mama ta miƙo hannu ta karɓa, ita ma da hagu.

Ba ta jujjuya shi ba yadda take yi wa sauran. Yana sauka a tafinta babban yatsanta ya faɗa cikin lotsin nan, sauran yatsun suka kwanta a gefen da ya cinye, kamar ƙafa ta shiga tsohon takalmi. Ta damƙe shi gam, har matata ta daina tsince shinkafa tana kallo. Sannan ta ce a kawo mata citta da barkono, a ɗauko uwar dutsen daga bayan kicin a kawo nan tsakar gida.

A gabanmu duka ta niƙa, da hannun hagu, da wani irin sauri da ban san tana da shi ba. Tana niƙa tana ba da labari. Ita ma bahaguwa aka haife ta. An ɗaure mata hannun da tsumma, an doke shi da muciya, har ta koyi ci da gaisuwa da miƙa abu da dama, ba wanda zai gane. Niƙa ce kaɗai ta gagara. Uwarta ta gaji da faɗa, ta nemo dutse ta sassaƙa mata shi daidai hagunta, ta ce ta riƙa yi a bayan rumbu inda ba mai gani. Duk waɗanda muka yi ta sayo mata na masu dama ne. Shekara hamsin ina shan miyar matar nan, ban taɓa tsayawa na ga da wane hannu take yin ta ba. Kunya ta rufe ni, na tuna duk faɗan da na yi wa Auta a gabanta, da yadda take tashi ta bar wurin.

Don in kawar da zancen na tambaye ta me ya sa ta bar shi tun farko, abu ɗan ƙarami haka.

«Kai ne,» ta ce. «Kaya a kaina, kaya a hannu, dutsen a zani. Ka zauna a ƙasa ka ce ba ka tafiya. Baya ɗaya nake da shi.»

Auta ta ce ai Dadi ma ya bar nasa a gindin tukunya saboda ita. Mama ta tsayar da niƙa, ta juyo da idanunta da ba sa gani sosai wajen da nake tsaye.

«Ka ce za ka koma ka ɗauka?»

Na ce e, mako mai zuwa.

Ta yi dariya har ta share ido da bakin zani. «Haka ni ma na ce.»

Ta kwashe yajin a murfin kwano ta ba Auta ta ce ta kai wa babanta ya ɗanɗana. Auta ta ɗingiso ta tsaya a gabana, ta dubi murfin a hagunta, ta soma ƙoƙarin mayar da shi dama. Na riga ta, na karɓa daga inda yake.